Tauraro na Ashirin da Huɗu

Allurata ta fi ni sanin ƙasar nan.
Ni ce Keziah Pruitt, mai ɗinki a Marietta.
Ƙofar shagona na kallon kogin Ohayo,
tsallaken ruwa kuwa Bajiniya ce,
inda aka haife ni, aka rubuta ni a littafin gado
tsakanin alfadari da tukunyar ƙarfe.

Jiya magatakardan kotu ya shigo da tuta a hammata,
ya shimfiɗa ta bisa tebur kamar majinyaci.
Ya ce, "A ƙara mata tauraro kafin huɗu ga Yuli,
Misuri ta shigo."
Ya aje azurfa guda, ya fita yana fito.

Bara waccan ni na ɗinka na Main,
ban ji komai ba sai zafin yatsa.
An ce ciniki aka yi a majalisa:
wannan ta shigo ba bawa ko ɗaya,
waccan ta shigo da bayinta,
don kada sikeli ya rinjaya.
Manya sun auna, sun ce ya yi daidai.
Ba wanda ya leƙa cikin ma'aunin.
Ƙanena Lemuel na ciki.

Shugabanni biyar aka yi a kan idona,
huɗu daga cikinsu ƙasa ɗaya ta haife mu,
ruwa ɗaya ya dake mu,
sai dai su suna ƙarƙashin rufi.
Da na farko ya sauka don kansa
gari ya ɗauki magana:
wa ya taɓa ganin mai mulki ya ce ya isa?
Uwata na dama masara, ba ta ɗago ba,
ta ce, "Ƙosasshe ne ke ture akushi."

Ashirin da uku ba ta jeruwa,
kullum sahu ɗaya da giɓi kamar bakin tsohuwa.
Ashirin da huɗu kuwa, shida-shida sau huɗu,
ta zauna daram.
Abin da ya fi ci mini rai ke nan,
kyan da za ta yi.

Dole na warware su duka.
Na tsinke zare, na ɗaga Bamont, na ɗaga Kentaki,
na tara su a cinya kamar ɓawon gyaɗa.
Inda kowanne ya kwanta, shuɗin bai koɗe ba,
rana ba ta taɓa ganin wurin ba.
Ashe abin da aka danne ya fi riƙe launinsa.

Ran da aka tafi da Lemuel
shekararsa sha tara, da tabon gatari a ƙafar hagu.
Mai gonar taba ya saye shi, ya yi yamma.
Na riƙo hannun rigarsa a bakin kwalekwale,
rigar ta fi ni rauni, ta yage.
Ƙyallen na nan cikin gwangwanin maɓallai,
bai kai tafin hannu ba.

Cikin dare na yanka shi kusurwa biyar,
na kwantar da shi bisa shuɗi,
na rufe da farin yadi sabo,
na bi baki da ɗinki ƙanana, irin na likkafani.
Allura ta soke ni sau biyu.
Na tsotse jinin, kada ya tona.

Ran biki za a buga igwa,
alƙali zai karanta dogon jawabi,
yara su ƙirga taurari da yatsa,
su tsaya kan na ƙarshe, su yi tafi.
Ni ma zan tsaya, can baya, wajen masu sayar da tuffa.
Ba zan yi tafi ba, ba zan yi kuka ba.

Iska kawai zan jira.
In ta taso daga yamma,
to, ta biyo ta gonarsu.